U Ohn Khaing da Kumbon da Ya Ƙi Sauka

Mahaifin U Ohn Khaing laima yake haɗawa a Pathein, kakansa ma ita ya haɗa har ƙasa ta rufe masa ido. Da hannun yaron ya yi kyau, da shi ma a nan zai ƙare, tsakanin gora da mai da fenti. Sai dai duk gorar da ya taɓa tsagewa take yi. Da uban ya gaji da ɓarna, sai ya ce a kai shi makaranta, wataƙila a can ya yi rana.

Ya kuwa yi ranar. Ya fito malamin kimiyya a wata makarantar sakandare ta garin, babba da yaro suna kiransa Saya, wato malam. Dogo ne siriri, kullum da garin alli a gefen zanensa, irin wanda mazan can ke ɗaurawa, kullum yana gyara ɗaurin zanen a gaban allo. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya sa baki a maganar mulki. Cutarsa ɗaya ce, ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda ake fassarowa daga waje, na kumbo da taurari da mutanen wasu duniyoyi. Duk wata rumfar hayar littattafai da ke tsakanin kasuwa da bakin kogi ta san fuskarsa. Abokan aikinsa kan ce Saya Ohn Khaing ya fi sanin hanyar duniyar wata a kan hanyar gidan surukansa.

Matarsa, Ma Thein Nu, busasshen kifi take sayarwa a kasuwa. Mace ce da ta iya ciniki amma ba ta iya hira ba, in ta dawo gida kamar ta baro bakinta a rumfa. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, da ta zo kuwa ɗaya ce tak, mace, suka riƙa kiranta Mi Nyo. Yarinya ce mai ƙiriniya. Tana da tabo a haɓa na faɗowa daga tsanin gida, kuma ba ta barci sai ta dunƙule hannu ta tura ƙarƙashin kumatu.

Tana da shekara shida, a tsakiyar damina, zazzaɓi ya kama ta. A asibiti likita ya rubuta sunan magani, ya ce babu shi a nan, sai dai a nema a bayan fage. U Ohn Khaing ya wuni cikin ruwan sama yana bin shaguna, wannan ya tura shi wurin wancan. Kafin ya samo, yarinyar ta shiga wani barci mai nauyi. Tana numfashi, jikinta da ɗumi, amma ko an kira sunanta ba ta motsi. Kwanaki suka yi a kanta a haka, sannan numfashin ma ya tsaya.

Aka yi abin da ake yi. Limamai suka zo daga gidan ibada, aka ciyar da su, suka yi wa'azi cewa babu abin da ke tabbata. Ma Thein Nu ta yi kuka har muryarta ta dishe. Shi kuwa ko ɗigo bai zubar ba. Maƙwabta suka fara raɗa cewa kimiyya ta busar masa da zuciya.

Abin da ba su sani ba shi ne, in an tashi daga makaranta ba ya wucewa gida. Yakan zauna a ɗakin gwaje-gwaje, cikin kwalabe da tsofaffin ma'aunai, ya yi ta rubutu har mai gadi ya zo rufe ƙofa. Abin da ya kasa faɗa wa matarsa, ya kasa faɗa wa liman, shi ya ɗinka wa rigar labari.

Labarin wani kumbo ne da ya kwaso mutane daga duniyar da ta lalace zuwa wata sabuwa. Tafiyar na da nisa, don haka aka kwantar da fasinjojin a cikin akwatunan sanyi, su yi barci har a isa. Matuƙi kaɗai ne a farke. Ana cikin tafiya na'urar sanyin ta lalace, ya gyara, amma bai sani ba ko ya gyara da wuri ko ya makara. Ga shi an iso, ga sabuwar duniya kore shar a ƙarƙashinsa. In ya sauka dole ya buɗe akwatunan, in ya buɗe kuwa zai sani. Sai ya ƙi sauka. Ya yi ta kewaya duniyar nan shekara da shekaru, iskar kumbo na raguwa, shi kuwa kullum yana goge gilashin wani ƙaramin akwati da ke can ƙarshen layi, inda wata yarinya mai tabo a haɓa ke kwance, hannu a dunƙule ƙarƙashin kumatu. A nan littafin ya tsaya.

Ma Thein Nu ya fara bai wa. Ba ta da saurin karatu, da yatsa take bi. Ranar da ta gama, ta ajiye takardun a kan tabarma ta dube shi.

"Ohn Khaing, har da tabon ka sa."

"Ban sa sunanta ba."

"Ina ruwana da suna? Ni kifi nake kaiwa kasuwa. Kai 'yata za ka kai."

"Ba wanda zai gane ita ce."

"To in ba wanda zai gane, wa ka rubuta wa?"

Duk da haka ya aika da littafin wata ƙaramar maɗaba'a a Yangon, babban birnin ƙasar. Ita kuwa ta daɗe ba ta haɗa ido da shi ba, sai dai ta ajiye masa shinkafa ta juya.

A wancan zamanin babu littafin da ke fita sai ya bi ta ofishin tacewa. In kalma ba ta yi musu ba, su shafe ta da tawada mai ruwan azurfa, in shafi ne su yage shi. Wannan ya sa marubuta suka koma zaurance, masu karatu kuma suka zama gwanayen warware shi. In mai waƙa ya ce fure ya bushe, kowa ya san ba fure ake nufi ba. In an ce kwalekwale na yoyo, sai a dubi juna. Abin ya kai ko cewa ka yi shinkafarka ta yi tsami, sai wani ya kashe maka ido. Littafin U Ohn Khaing kuwa ya wuce babu ko ɗigon azurfa. Mai tacewar ya ga kumbo a bango, ya ɗauka tatsuniyar yara ce.

Da farko littafin ya yi kwantai a rumfuna. Daga baya ɗaliban jami'a suka gano shi, ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsa ya fita, wasu suna kwafe shi da biro. Kafin a jima zancen ya gangaro kogi ya iso Pathein.

U Po Saung mai gyaran keke, abokinsa tun na ƙuruciya, shi ya fara tare shi da maganar a shagon shayi. Ya jawo kujera, baki jawur da ganyen tauna, ya rage murya.

"Ashe da macijin ƙaiƙayi muke zaune ba mu sani ba."

"Me na yi?"

"Ji shi, wai me ya yi. Matuƙi ɗaya a farke, jama'a duk a kulle cikin akwati, ga ƙasa mai albarka ya hana kowa ya taka, iska na ƙarewa. Ko ni da karatu ya kayar a firamare na gane matuƙin nan. Hotonsa na nan rataye a ofishin shugaban makarantarku."

"Po Saung, kumbo kumbo ne, matuƙi kuma matuƙi ne."

"Gaskiyarka, Saya. Ni ma keke ne." Ya yi dariya har ya ƙware. "Ka ci gaba da faɗin haka, ai haka ya kamata ka faɗa. A ƙaro wa Saya shayi, mai kauri."

Haka abin ya kasance ko'ina. In ya musa, a ce ya iya taka-tsantsan. In ya yi shiru, a ce shirun ma magana ce. Wani ya ce koren duniyar nan gonakin shinkafa ne, wani ya ce a'a, gugar zana ce a kan kakin soja. Yarinyar ƙarshen layi kuwa, wasu suka ce 'yanci ce, wasu suka ce matasan ƙasa ne, tabon haɓarta kuma ɗaliban da aka taɓa harbewa a baya. Wannan ta ƙarshe ita ta fi ci masa rai. Yana nan aka yi tabon. Shi ya ɗauke ta daga gindin tsani, jini na zuba a rigarsa.

Sai ga shekarar da ɗalibai suka fito kan titi. Wani ya rubuta a jikin bango da baƙin fenti cewa a buɗe akwatunan, kafin ka ce kwabo maganar ta hau bangaye a garuruwa da dama. Da aka murƙushe zanga-zangar, aka koma farautar waɗanda suka zuga ta. Da hantsi suka zo masa, yana tsakiyar bayanin yadda haske ke karyewa a cikin ruwa. Mutum biyu cikin kayan gida suka tsaya a ƙofar aji, suka ce Saya ya zo, 'yar tambaya ce kawai. Ya ajiye alli, ya ce wa ɗalibai su kwafe abin da ke allo.

Jami'in da ya yi masa tambayoyi matashi ne tsaf-tsaf, daga jin maganarsa ka san adabi ya karanta. Littafin na gabansa, duk an ja masa layi da jan biro.

"Saya, ni fa na ji daɗin littafin nan. Sai ka taimake ni mu bi shi a hankali. Wane ne matuƙi?"

"Ni ne."

Jami'in ya yi murmushi. "Akwatunan fa?"

"Gadajen asibiti."

"Yarinyar?"

Tun rasuwarta U Ohn Khaing bai taɓa bai wa kowa labarin da bakinsa ba. A nan, gaban mutumin da bai sani ba, hannu a ɗaure, ya ba da shi duka, zazzaɓin da ruwan saman da shagunan da barcin. A nan ne kuma hawayen da suka ƙi zuwa ranar jana'iza suka zo.

Jami'in ya bar shi ya gama. Sannan ya rufe littafin, fuskarsa ta sauya.

"Da na ɗauka kai mutumin kirki ne, Saya. Mutane da yawa sun yi mini ƙarya a kan kujerar nan, amma ban taɓa ganin wanda ya ɓuya a bayan gawar 'yarsa ba sai kai."

Dukan da ya biyo baya ya tafi da haƙoransa na gaba, amma bai zauna masa a rai ba kamar wannan maganar.

Aka yanke masa shekaru masu yawa, aka kai shi wani gidan yari can arewa. A ɗakin da aka sa shi ya tarar da wani saurayi, Maung Win Bo, ɗalibin injiniya, ɗaya daga cikin masu rubutun bango. Da ya ji sunan sabon fursunan, sai ya durƙusa ya kai goshi ƙasa kamar yadda ake yi wa iyaye da malamai. Ashe ya haddace littafin kusan duka, da shi yake yi wa 'yan ɗakin hira in zama ya ishe su. Shi ya riƙa wanke wa U Ohn Khaing kwano, yana tsince masa tsakuwa daga shinkafa saboda bakinsa.

Wata rana suna shan hantsi a tsakar gida ya ce, "Saya, tun da na karanta littafinka na kasa zama a aji. Babana ya ce in bari in gama karatu tukuna. Na ce masa, Baba, iska na ƙarewa." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Yarinyar nan mu ne, ko ba haka ba?"

U Ohn Khaing ya dubi wuyan saurayin da ya rame har ƙashi ya fito. Wannan ya bar uwa da uba da karatu saboda abin da ya gani a littafin. Jami'i an gaya masa gaskiya bai yarda ba. Wannan kuwa zai yarda, abin da ya ba shi tsoro ke nan.

"Ku ne," in ji shi.

Daga baya, a wata hira, ya ambata masa cewa ya taɓa haihuwa, yarinyar ta rasu saboda ya makara wajen samo magani. Bai ce komai a kan littafi ba. Maung Win Bo ya ce, "Ba makara ka yi ba, Saya. Wa ya sa babu maganin a asibiti?" U Ohn Khaing ya daɗe yana juya tambayar nan. Ya kasa cewa saurayin bai da gaskiya. Amma kuma ya san lokacin da yake rubutu babu wani mai mulki a ransa, kansa kawai yake tuhuma. Tsakanin biyun nan ya zauna, bai taɓa samun mafita ba.

Tarin Maung Win Bo ya zama na jini. Ya mutu cikin wata damina, kansa a kan cinyar malamin da ya yi wa biyayya. Ba a bai wa iyayensa gawar ba.

Ma Thein Nu kan zo jefi-jefi, ta hau jirgin ruwa ta hau na ƙasa, ɗauke da soyayyen kifi da barkono. Ta bayan ragar ƙarfe suke magana, mai gadi na zaune a gefe yana saurare. Yawanci ba ta wuce ta ce rufin gida na yoyo, ko ta tambaye shi ƙafarsa. A wata ziyara ta dube shi ta ce, "Na sake karanta abin nan naka."

Mai gadi ya ɗago kai.

"Me ya sa ka bar ta a sama?"

"Kasawa na yi, Ma Thein."

"In ka fito ka saukar da shi. Ya buɗe akwatin, ya ga abin da zai gani, ya sa ta a ƙasa kamar 'yar kowa. Ba a barin yarinya a rataye."

Mai gadin ya kai rahoto, aka dakatar da ziyararta na wani lokaci, wai saƙon 'yan tawaye ta kawo masa a zaurance. Da aka ɗage dakatarwar, U Po Saung ne ya zo da ƙunshin kifin. Ya tsaya a bayan raga yana murza hannu, babu wasa a bakinsa. Ma Thein Nu ta faɗi a rumfarta, jini ya hau mata, ba ta ƙara magana ba. Ta rasu, har an gama komai.

Da aka sake shi, ya fito tsoho tun shekarunsa ba su kai ba. Aikin gwamnati ya tafi, gidan ma ruwa ya cinye shi. 'Yar ƙanwarsa, Ma Hnin Yi, ta ba shi ɗaki, ya riƙa koya wa 'ya'yan unguwa lissafi a kan baranda. An hana buga duk abin da ke ɗauke da sunansa, amma a hankali, cikin shekaru, ya rubuta abin da matarsa ta nema. Shafuka kaɗan ne. Matuƙi ya sauka a bakin wani kogi, ya buɗe ƙaramin akwatin, ya tarar da abin da ya daɗe da sani, ya haƙa rami da hannunsa.

Lokacin da aka rufe ofishin tacewa, wani matashi mai maɗaba'a ya zo takanas daga Yangon neman izinin sake buga littafin. U Ohn Khaing ya ce ya yarda, amma a haɗa da ƙarshen. Matashin ya karanta a nan kan baranda, ya sosa ƙeya, ya kira shi Sayagyi, wato babban malam.

"Sayagyi, rubutun ya yi kyau. Amma in kumbon ya sauka yanzu, za a ce ka yarda an iso ke nan, ka bi sabuwar gwamnati. In kuma aka tarar yarinyar ta mutu, za a ce ka yanke ƙauna daga matasa. Ta kowane gefe jifa za mu sha."

"Yarinya ce kawai ta mutu."

"Na sani, Sayagyi," in ji shi, da irin murmushin nan da U Ohn Khaing ya gaji da gani.

Aka buga littafin yadda yake a da, da doguwar gabatarwa ta wani malamin jami'a da ya bi alamomin ɗaya bayan ɗaya ya warware su. Ranar ƙaddamarwa aka zaunar da tsohon a kan dandamali, aka yi ta jawabi a kansa. Da aka miƙa masa makirfo aka ce ya faɗi me yarinyar ke nufi, sai ya ce wannan masana sun riga sun yi bayani. Ya ce shi dai akwai wani ɗalibin injiniya mai suna Maung Win Bo, ya faɗi garinsu da sunan mahaifinsa, ya ce in akwai wanda ya san danginsa a gaya musu bai mutu shi kaɗai ba. Ya zauna. Aka tafa, amma an so ya fi haka tsawo.

Da ya koma Pathein, ya ɗauki shafukan ya tafi gidan U Po Saung, wanda a lokacin ya bar gyaran keke, kunne ɗaya ya mutu. Ya zauna ta gefen mai jin, ya karanta masa da ƙarfi daga farko har ƙarshe. U Po Saung ya goge ido da bakin zane, ya tofar da ganyen da ke bakinsa.

"Da wannan ka rubuta tun farko, da ba wanda ya karanta. Da yanzu kana nan da haƙoranka kana cin gyaɗa."

U Ohn Khaing ya yi dariya, su biyu suka zauna suna kallon kwalekwale na wucewa har shayinsu ya huce.

Bai ƙara rubutu ba. Idanunsa suka yi yana, ya bar koyarwa, ƙafafunsa suka kumbura. Ya rasu cikin zafin bazara, ana gab da bikin watsa ruwa na sabuwar shekara. Jaridun Yangon sun buga hotonsa, suka kira shi jarumin alƙalami. Amma bikin ya tsayar da motoci da jirage, babu wanda ya iso daga can. Ma Hnin Yi da mijinta da wasu tsofaffin ɗalibansa su suka raka shi, U Po Saung na biye a baya cikin keken haya saboda ƙafa ta ƙi.